Shirun da na ɗauka amincewa ne

A shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki, ni saurayi ne da na dawo Tasawa daga karatun ordinata, wato kwamfuta, a Maraɗi, ba aiki sai rawar kai. Na shiga cikin wasu 'yan sa-kai su biyar da ke kula da wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara. Aikinta shi ne aika wa manoma saƙo a salula idan an yi ruwan shuka. Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi ne ya fara ta, duk Baba muke ce masa. Tsarinsa shi ne bayan kowane ruwa, dattijo a ƙauye zai tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai, sai ƙauyuka uku sun ce ta isa kafin saƙo ya fita. Wannan kan ci kwana biyu, abin yana ci mini rai.

Na zauna na rubuto shawarwari har shafi huɗu. Wasu ba laifi, kamar mayar da saƙonnin zuwa Hausa da Fulatanci, da rubuta bayani don sababbin shiga. Ta ƙarshe ce masifar: a bar jiran tsofaffi, a ɗauki lambar ma'aunin ruwa na makarantu, saƙo ya tafi nan take. Da na karanta musu, Baba ya sunkuyar da kai ya ce to, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Sauran suka yi shiru. Ni da aka haifa a nan, na san sarai abin da irin wannan amsar ke nufi, amma na yi kamar ban sani ba. Kafin mako ya zagayo na canza manhajar.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, tana zaune a Kona. Mijinta ya rasu ya bar mata irin geron da ya yi shekaru yana zaɓa zangarniya-zangarniya. Ta rufe shi a tulu da toka, duk yunwar bazarar nan ba ta taɓa ko ƙwaya ba. Sai aka sheƙa wani ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, ma'auni ya cika, amma ruwan ya bi kwari ya tafi, ƙasa ba ta sha ba. Saƙo ya fita. Maƙwabcinta ya tona ya ce mata ta dakata, ta ce ai ɗanta ne ke aiko da saƙon, ba zai yaudare ta ba. Ta shuka irin duka. Gero ya tsiro, sama ta ɗauke har mako uku, rana ta ƙone shi ƙurmus.

Na je Kona. Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura da ɗan abin da ya rage mata, tana ta faɗan na rame. Da na fara ba ta haƙuri ta katse ni, ta ce ruwa na Allah ne, in sha furata. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Washegari Baba ya iso a kan babur da tiya biyu na irinsa, ya ba ta. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce laifin namu ne mu biyu, don ya ga kuskuren tun ranar, amma ya ji nauyin kwaɓar yaron da ke aiki ba lada, yana tsoron in yi fushi in tafi. Tare muka mayar da tsarin dattawan, muka kuma yarda cewa duk wani gyara sai kowa ya furta i ko a'a da bakinsa, sannan a gwada shi a ƙauye ɗaya tukuna.

Har yau ina cikin aikin, kuma ina son matasa masu kawo shawara. Amma 'yan'uwana masu gyaran manhaja, ku ji tsoron shirun mutanenmu, kunya ce ke rufe musu baki. Kafin ku cire abin da kuke gani ɓata lokaci ne, ku je ku tambayi wanda ya sa shi, ku tambayi mai gonar da abin zai faɗa wa. Ni ban tambaya ba. Inna ta samu ɗan amfani da irin Baba, amma har ta koma ga Allah ba ta sake cin geron mijinta ba.