Tatsuniyar da Barci Ya Cinye Mini Ƙarshenta

Ni dai daga aji uku na yi sallama da makaranta, kuma malaminmu bai yi kukan rabuwa ba. Saboda haka wanda ya ci karo da kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Da yatsa biyu nake buga tafireta, kamar kaza tana tsintar tsaba. Mai gyara mini ta kwanta ciwo.

Bari in fara daga ƙofar ɗakin Iya. Iya kakata ce ta wajen uwa, a ƙauyenmu can bayan Rano. Lokacin kaka, in an ci tuwo an wanke hannu, takan hura 'yar wuta a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Sauran yara tatsuniya ke kawo su. Ni gyaɗa ke kawo ni. Mazaunina kullum gefen toka ne, ina tonowa da tsinke ina turawa a baki tun da zafinta. Mazaunin Asabe kuwa jikin ƙafar Iya. Asabe ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, wadda tun ba ta iya ɗaura zani ba take kira na bawan gidansu.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Doka ɗaya gare ta, ba a tatsuniya da rana. "Wanda ya yi ta da rana," in ji ta, "hanyar gida za ta ɓace masa." Ni kuwa na sha yi wa yara ita da tsakar rana a wajen kiwo, don in ga abin da zai faru. Ga ni yau a unguwar Barking ta Ingila, a bene hawa na bakwai, furfura ta cika kai. Ku yanke hukunci da kanku.

Akwai guda ɗaya da ta fi yawan yi. Wai a wani gari aka wayi gari duk wuta ta mutu, ko murhu ɗaya bai tsira ba. Aka ce sai wani ya tsallaka kogi ya ɗebo garwashi. Ƙuri'a ta faɗa kan wani mutum mai mata marar lafiya, wadda ba ta iya juya kanta. Ba wanda zai bar wa ita, sai ya goya ta ya tafi. Ya isa tsallake, aka zuba masa garwashi a kasko. Da ya juyo, ashe kogi ya kawo ruwa. Ya shiga. Hannu ɗaya ya ɗaga kasko bisa kai, ɗaya ya tallafe matar a baya. Ruwa ya kai gwiwa. Iya ta ce, "Bai saki ba." Ruwa ya kai ƙugu. "Bai saki ba." Ruwa ya kai wuya, ƙafa ta daina taɓa ƙasa, ga saiwar bishiya dab da shi, amma ba hannun kamawa.

Daga nan ban san kome ba. Ciki ya cika da gyaɗa, ɗumin wuta ya ratsa ni, sai dai in farka a ɗakin innata. Sau nawa aka yi haka? Allah kaɗai ya san adadi. Da safe in tari Asabe a bakin rijiya in ce, "Wanne ya saki?" Ta murguɗa baki ta ce, "Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa. Sai ranar da ka yi hankali."

Iya ta rasu ban yi hankali ba. Aka ɗaura mana aure da Asabe ban yi ba. Wani babban ma'aikaci ya taho da ni Ingila ina masa girki, ya koma gida ya bar ni, na samu sharar masana'antar mota a Dagenham, na aika Asabe ta zo. Duk wannan zamani, in muka yi faɗa muka shirya, nakan ce, "Hajiya, don girman Allah, wanne ya saki?" Ta ce, "Malam, da sauranka."

Ita ta mai da ni marubuci. Ta yi makaranta, ni baki gare ni. Ran Lahadi ina zuba ina kai da kawo a falo, tana bugawa tana cewa, "Wannan ƙarya ce, Iya ba haka ta ce ba." Haka muka fitar da 'yan littattafai biyu a shekarun tamanin, ba kamfani ba kowa. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai shagon ɗab'i a unguwarmu shi ke buga mana. In zuba a jaka in tsaya bakin masallaci ran Juma'a, ko wajen suna, ragowar in ba matafiya su kai Kano. Wasu sun karanta, wasu na tabbata sun tokare ƙafar tebur da su. Na uku shi ne babban buri: tatsuniyoyin Iya guda ashirin. Asabe ta ce ta mai garwashi za ta zo ƙarshe, ranar ce zan ji, a kan takarda, kamar kowa.

Muna kan ta goma sha tara hawan jini ya buge ta a kicin, ɓarin damanta ya shanye.

Ba zan yi muku dogon bayanin jinya ba, wanda ya yi ya sani. Ni da ban taɓa tsefe kai ba na koyi kitso, irin wanda in ta duba madubi takan rufe ido. Na bar aiki. Matar da council, wato hukumar unguwa, ke aikowa ta yi mata wanka, yau ta zo, gobe a bugo a ce an yi cancel, ba ta zuwa. Lif ɗin da ke hawa da mu bene ya lalace mako guda, ranar asibiti na goya ta tun daga hawa na bakwai, a na huɗu muka zauna muna haki, ta ce, "Jakin gidanmu ya tsufa." In na zauna gaban tafireta, ko tukunya ta kama, ko ta kira. Akwai shafi uku da kunu ya cinye. 'Yarmu da ke aure a Croydon takan zo ran Asabar, in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, ta ce in ajiye littafin nan in huta. Mai ɗab'i kuwa duk ya gan ni sai ya ce, "Malam, mata naka ya samu sauƙi? Kawo aiki mana, injin yana jira."

Sai kuma mantuwa ta biyo baya. Nan ne abin ya ɗaure ni tamau. Da hantsi hankalinta garau yake, har ta tuna sunan akuyar Iya. Da la'asar ta yi sanyi sai ya fara tafiya, kafin magariba ba ta san ni ba, takan tambaye ni yaushe mai gidan zai dawo. To da hantsi in na ce, "Hajiya, mai garwashin nan fa?" sai ta ce, "Da rana? Ba ka da kunya." Da dare kuma babu wadda zan tambaya. Kullum hantsin yana ƙara gajarta. Ina ji ina gani ƙarshen tatsuniyar yana tsiyayewa, kamar ruwa a fasasshen tulu.

Tsohon hali ba ya mutuwa. Wata safiya, wajen ƙarfe goma, bayan na ba ta magani, na ja labule, na rataya bargo biyu a kan taga, na toshe ƙasan ƙofa da tawul. Na kashe fitila, na kunna hitar gas ta ɗumama ɗaki, jan harshenta ya haska ɗakin. Har gyaɗa na soya a tanda don ƙamshi. Na tura rikoda ƙarƙashin kujera da sabon kaset, na yi hamma ta ƙarya na ce, "Kai, yau dare ya yi da wuri."

Ta daɗe tana kallon wutar. Can ta yi gyaran murya, da rabin bakin da ya rage mata, ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, ku matsa mata."

Na ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wallahi muryar Iya ce. Wuta ta mutu, mutum ya goya matarsa, kogi ya kawo. Gwiwa. Ƙugu. Wuya. Ga saiwa, ba hannu. Na mintsini cinyata don kada tarihi ya maimaita kansa. Sai ta tsaya nan.

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Ado." Tun ranar ɗaurin aure ba ta ƙara kama sunana ba sai ran nan. "Ai Iya ma nan take tsayawa. Da ka fara minshari sai ta ce, ɓarawon gyaɗa ya tafi, a bari sai gobe, kada ya ce an cuce shi."

"To ke ba ki taɓa ji ba?"

"Ina zan ji, kullum kana barci?"

"Shekara arba'in da ɗoriya kina ja mini rai!"

Ta yi dariyar da ta karkace gefe guda. "Da na faɗa maka, da me zan riƙe bawana?" Sannan ta nuna taga da hannun hagu. "Cire bargon nan, ɗakin ya yi zafi. Ka zaci ban san rana ba ce? Hanyar gida ai ta riga ta ɓace mana."

Na cire. Da na jawo rikoda, ashe maɓalli ɗaya na danna, ban haɗa da jan nan na ɗaukar murya ba. Kaset ɗin ya yi ta juyawa bai ɗauki ko tari ba. Aikin ɗan aji uku. Tun daga ranar kuwa ba ta sake haɗa magana mai tsawon haka ba.

Mai ɗab'i ya ce in ƙirƙiro ƙarshen, wa zai sani? Na gwada. Na sa mutumin ya saki kasko, sai na ga gari cikin duhu, yara suna cin ɗanyen gari, na yage. Na zo in sa ya saki ɗayan, yatsun suka ƙi. Na kawo masa mai kwalekwale, sai na ji Asabe a kunnena tana cewa, wannan ƙarya ce.

Yanzu da na tsufa nakan yi zargin ba don ni Iya ke tsayawa ba. Na manta ban gaya muku ba, a cikin ɗakin nan da muke zama ƙofarsa kakanmu na kwance, shekara da shekaru ba ya tashi, ita ke juya shi. Mu muna cin gyaɗa, ita tana tsakiyar kogi. Ta ina za ta san yadda ake fita? Minsharina dai ya zame mata mafaka. Abin da ta sani shi ta faɗa, sau biyu a kowane dare: bai saki ba.

Littafin na nan cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadon Asabe, tatsuniya goma sha tara da rabi. Masu tatsuniya da kan ɓera suke rufewa, ni ko wutsiyarsa ban samu ba. Ruwa yana wuya. Ban saki ba. Sai dai wannan karon barcin ma ya ƙi zuwa.