Ba Shanu Suka Shanye Ruwan Ba

Mun sha wuya, kada wani ya zo ya ce maka daɗi muka ji. Duk mai yabon zamanin jigo bai taɓa jan guga ba. Ni na ja, tun ina yaro, a fadamar kakana da ke gefen rafi can bayan Ba'awa. Jigo, in ba ka sani ba, dogon itace ne, guga a gaba, curin laka a baya. Ka danna, ka ɗago, ka juye a kwata, ruwa ya bi fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Da sanyin safiya, ƙafa cikin taɓo, faso yana tsagewa, hanci yana zuba. Ba wanda zai ce maka sannu.

Amma ruwa yana kusa. In ka leƙa rijiyar, fuskarka za ka gani.

Kakana yana da doka guda. Da zarar rana ta take tsaka, a ɗaure jigo, rijiya ta huta. Abin da ya tsattsafo zuwa la'asar ba namu ba ne, na shanun Fulanin da ke sauka a gonarmu ta tudu ne bayan girbi. Su sha, su kwana a gonar, su bar mana taki. Haka ya tarar, haka yake yi.

Wata shekara damina ta ɗauke da wuri. Kafin bazara ta yi nisa, guga ya fara ɗebo laka. Mahaifina ya durƙusa ya ce, "Baba, a bar mu mu riƙa ja da yamma. Shanu su nemi wani wurin." Sai tsohon ya tashi. Ya naɗe wando, ya shiga fangalin ƙarshe, ya hau tumbuke albasa, shar da ita, ko ƙosawa ba ta yi ba. Ina tsaye ina kuka, don ni na shayar da ita. Sai da ya gama da ɓarin nan kaf ya miƙe ya ce, "Mu muka shuka abin da ya fi ƙarfin rijiya. Saniya ba ta shuka komai ba."

Bazarar nan miyar lawashi muka yi ta sha har ta fita ranmu. Kakata kuwa kullum sai ta yi masa gori: "Malam, ka kira saniyar taka ta tuƙa maka tuwo mana." Amma ragowar albasar ta kai, rijiyar ba ta ƙafe ba, Fulani kuma sun dawo.

Yanzu fa? Kowa da injin ban-ruwa, kowa da tiyo. Ni ma ina da shi, jigo ba zai ciyar da gidana ba. Tun asuba har magariba fadama na ruri kamar tashar Bebeji. Masu haƙa su zo su nutsa maka bututu bana, baɗi ka sake kiransu su ƙara zurfi. Rijiyar kakana leda ce da kunamu a ciki. A ranin nan injina ya fara tari, ya tofo ruwa kaɗan, ya tofo iska. Tumatirina ya soma fure. In ya mutu, sai sayar da fadamar, in tafi birni gadin gidan wani da furfurata.

Aka yi taro a ƙofar mai unguwa. Shawarar da manyan mutane suka yanke wai a hana shanu sauka mashaya, su ke ƙarar da ruwa. Ban iya magana mai daɗi ba, amma na miƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saniya in ta sha ta ƙoshi ɗaga kai take yi. Wa ya taɓa ganin inji ya ƙoshi?"

Ɗan wana, mai inji biyu, ya ce, "To Baffa, ka koma jigo mana, mu ga ko ƙugun zai ɗauka." Aka kwashe da dariya.

Na ce su yi dariyarsu. Amma a raba kwana: gonakin gabashin rafi su sha yau, yammaci gobe, ƙasa ta samu ta tara wani abu. In ba haka ba, mu kori shanu bana, baɗi mu kori juna.

Mai unguwa ya dube mu ya ce, "To, wa zai fara kashe injinsa?" Wani ya ce lokacin salla ya yi, aka watse.

Washegari da na fito daga masallaci na sauka fadama, na kwance injina, na ɗora shi a baro. Ban kalli tumatirin ba, don na san in na kalla zan fasa. Na turo shi har ƙofar mai unguwa, na sauke a bakin hanya, na shimfiɗa buhu na zauna a gefensa. Duk wanda ya zo wucewa da tiyo a kafaɗa, sai in ɗaga murya in gaishe shi, in haɗa da sunan ubansa.