Shaidar Ɗanlami Mai Foto a Ƙarƙashin Kwara

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Ɗanlami Mai Foto a kasuwar Gaya ya san al'adarsa. Zai ɗauki kaya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne kamar mai zaɓen kankana, sannan ya tambayi kuɗi. Da an faɗa, sai ya ajiye a hankali ya ce, "Ai wannan ma mutum ne ya ƙera shi." Nufinsa shi ma zai koma gida ya ƙera. Allah Ya jiƙansa, ya ƙera kam, kuma mun ga abin da ya ƙera!

Tare muka yi karatun allo. Ni na zarce ga littattafan fiƙihu har aka ba ni limancin unguwarmu, shi kuwa ya zarce ga ɗaukar hoton katin shaida a rumfarsa ta bakin tasha. Wata shekara ya dawo daga Tanda cikin jirgin ruwa ta Kwara, babban kogin da ya bi ta garinmu, ya rantse ya ga ayu, dabbar ruwan nan mai jiki kamar saniya, ya ɗago hanci dab da jirgin. Ba wanda ya gani sai shi. Sarkawa masu kamun kifi suka ce ayu ya bar wannan yanki tun zamanin iyayensu. Gari ya yi dariya, aka raɗa masa Mai Ayu.

A ƙarshen Sha'aban na shekarar ya shigo masallaci yana haki, ya ce ya ga jinjirin wata. Muna da shaida ɗaya, muna neman na biyu. Ni kuwa, astagfirullah, a gaban jama'a na ce, "Ɗanlami, watan ne ka gani, ko ayun ne ya hau sama?" Masallaci ya tuntsire da dariya. Na ƙi karɓar shaidarsa. Washegari labari ya zo cewa an ga wata a wurare da yawa, muka rama azumi ɗaya, amma ban je na ba shi haƙuri ba. Shi ya same ni a zaure.

"Malam," in ji shi, "sai na kawo maka ayun nan a kan takarda. Ran nan za ka karɓi shaidata a inda ka ƙi ta."

Daga nan aka shiga neman kayan ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa. Ku tuna fa, mutumin nan bai iya iyo ba, ko a kwatami! Ɗan ƙanensa da ke Kwatano ya aiko masa da farashin kamara ta gaske da akwatinta mai hana ruwa shiga. Ɗanlami ya duba, ya yi salati, ya ce, "Wannan ma mutum ne ya ƙera shi." Ya ɗauki kamarar da yake cin abinci da ita, ya cusa a ledar ruwan sanyi, ya ɗaure bakin da robar tayar keke, ya tsoma a kogi. Da ya ciro, leda cike da ruwa, har da ɗan ƙaramin kifi yana zagaya kamarar kamar mai ɗawafi. Aka ce ya binne ta cikin shinkafa kwana uku ko ta bushe. Kamara ba ta tashi ba. Shinkafar kuwa ya miƙa wa mai ɗakinsa Hajara.

"Wannan zan dafa, maigida?" in ji ta.

"To, laifin me shinkafa ta yi?"

Dabara ta biyu kwalbar mayonez ce. A nan, in faɗi gaskiya, ya yi hankali: kafin ya saka komai, sai ya jefa ƙwayar sukari ciki, ya rufe, ya nutsar. In sukari ya fito a bushe, kwalba ta ci jarrabawa. Ƙwaya ɗaya tak ya yi ta gwaji da ita har ta yi baƙi, kuma daga ƙarshe a shayi ta ƙare. Sai ya zo aron portabul ɗina, wato wayar hannu mai kamara, tunda kamararsa ta mutu.

"Ɗanlami, tozarta dukiya haramun ne."

"Malam, sukari ya shiga ya fito lafiya. Portabul ɗinka ya fi sukari daraja ne a wurin ruwa?"

Nauyin abin da na yi masa ya sa na ba shi, na kuma bi shi bakin kogi. Kwalba ba ta yi yoyo ba, wannan na shaida. Amma igiyar da ya ɗaure ta da ita tsohon mazagin wandonsa ne. Ya tsinke. Muna tsaye muna kallo kwalba ta taso, ta kama hanyar Najeriya, kuma daidai lokacin portabul ya soma kiran sallar la'asar daga ciki, murya can ƙasa-ƙasa.

"Ka gode Allah, Malam," in ji shi. "Wa'azinka ya ƙetare iyaka, ko duwan masu karɓar kuɗin fito ba su tsayar da shi ba."

Sai a karo na uku ya yarda ya sayi abin da wani ya ƙera: wata ƴar kamara ta hannu, girman akwatin ashana, da gidanta na roba, a wurin masu gwanjo a Malanville, tsallaken kogi. Kasuwa uku yana taka gada da ƙafa don kada ya biya kabu-kabu. Bai biya ba sai da ya sa mai kayan ya tsoma ta cikin bokitin mai sayar da ruwa, ya danna kowane maɓalli. Mai kayan ya ce, "Baba, don Allah ɗauka yadda ka taya, ka bar ni in ci abinci."

Ya ɗaura ta a kan doguwar gora, ya riƙa zura ta daga cikin jirgi, damina uku a jere, don a ganinsa ayu zai fi zuwa in kogi ya cika. Hotuna suka fito jajaye, ba sama ba ƙasa. Ɗaya kawai ya wanke, tunda duk iri ɗaya ne, ya liƙa a rumfa ya ce, "Kwara ke nan daga ciki." Mai kokon tasha ta leƙa ta ce wallahi kokonta ne, a biya ta.

Kowa a Gaya ya san ba a tambayar Sarkawa sirrin kogi hannu sake, sai da goro. Shi ya sa bai taɓa tambaya ba. Da abin ya ishe shi, ya sayi goro ɗaya, ya ɓare, ya kai wa Baba Gado, dattijon Sarkawa, rabi.

"Wa ke neman abu cikin jan ruwan damina?" in ji tsohon. "Jira baƙin ruwa, wanda ke saukowa da sanyi bayan kaka. Ran nan har yatsun ƙafarka za ka gani."

"Shekara uku kana kallona, ba ka faɗa ba?"

"Na rabin goro ma na faɗa maka da yawa."

Da sanyin bara ya shigo zaurena, ya rame ƙwarai, ciwo ya riga ya kama shi. Ya miƙo takarda. Hoton wani abu ne toka-toka, da faffaɗan hanci mai gashi, da ƙaramin ido. Na sa aka kira Baba Gado. Tsohon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a hankali, "Shi ne. Ashe suna nan."

Bayan sallar la'asar na miƙe a gaban jama'a, a daidai inda na yi masa ba'a, na ce Ɗanlami mai gaskiya ne, ni ne na zalunce shi. Daga sahu ya ɗaga murya:

"Watan fa, Malam?"

"Watan ma."

"To, kawo hotona. Takarda da tsada."

Bai kai Sha'aban ba. A bana na tsaya ina duban yamma ko zan ga jinjirin wata, idona ya yi rauni, na waiwaya ina neman wanda zan tambaya, sai na tuna.

Ya Allah, bawanKa ya shaida babu abin bauta sai Kai, kuma ba Ka buƙatar takarda kafin Ka gaskata shi. Ka karɓi shaidarsa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe wa limamin da ya jinkirta karɓarta. Amin.