Rigar da Gwaggo Ta Ɗinka wa Marainiya

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya tafiya Gambiya domin aikin sa-kai a wani gidan marayu. Aka ce kowa ya koma gida ya nemo gudummawa. Ni kuwa tun kafin in riƙe fasfo na fara mafarkin teku, da yara suna gudu a bakinsa, ina biye da su mayafina yana tashi.

Na fara da gidajen dangi a Ƙanƙara. Wasu suka ba ni kwanon gero, wasu addu'a. A Sabuwa kawuna ya ɗaure mini buhun masara a bayan babur, yana tsokanata wai ko marayun nan gida sun ƙare ne. Na yi dariya kawai.

Daga nan na wuce Faskari wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Yaran da ta riƙa sun fi waɗanda ta haifa yawa, duk sun girma sun watse, gidan ya yi mata faɗi. Ta saurare ni har na gama, ta tashi ta kwance akuyar da ta fi so, ta ce a kai kasuwa. Sannan ta ce, "In kin tahi, ɗiyata, ki zaɓo mini mace. Namiji ƙiriniya gare shi, ƙafafuna sun gaji."

Na ɗauka wasa take. Na bayyana mata cewa taimako kawai za mu kai mu dawo. Ta gyaɗa kai irin yadda ake yi wa yaro idan yana ba da labarin mafarki.

A can mun shafa wa ɗakuna fenti, mun raba gidan sauro da takalma, mun koyar da waƙoƙi. Wata yarinya mai giɓin haƙora ta maƙale mini. Ba ma jin yaren juna, sai dai ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyina ta miƙo kai. Ban iya kitso sosai ba, layukan suna karkacewa, amma ba ta taɓa tsefewa ba. Matar da ke kula da gidan ta ja ni gefe ta ce kada in bari ta saba da ni, domin duk hutu baƙi suna zuwa, kuma duk zuwa sai ta zaɓi ɗaya. Daga ranar na rasa yadda zan yi. Da safe in janyo ta, da yamma in ɓuya mata. Ranar da za mu tafi ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙofa tana ɗaga hannu kamar wadda ta daɗe da iya hakan, ni ce na yi ta kuka a mota.

Da na dawo na je gaida Gwaggo. Na tarar ta share ƙaramin ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ga rigar atamfa a ninke, an yi mata kalmasa mai faɗi don a riƙa saki in yarinya ta ƙara tsawo. Ta leƙa bayana, har ta leƙa mai babur ɗin da ya kawo ni.

"Ina take?"

Na yi ta bayani a kan doka da takardu da iyakar ƙasa. Ta tambaye ni to me muka je yi, na faɗa mata. Sai ta ce, "Kun gyara bango, yarinya kuma kun bar ma bango ita?" A wurinta maraya ɗauka ake yi a kai shi ɗaki, ya ci daga tukunyarka har ya girma. Ba ta ko ambaci akuyarta ba. Abin da ya dame ta shi ne wa zai yi wa yarinyar kitso yanzu, kuma ta ce ba zan bar gidan ba sai na buga waya na ji.

Na fita ƙofar gida inda waya ke kamawa. Matar gidan marayun ta ce ai bayan tafiyarmu wata ƙanwar mahaifiyar yarinyar ta zo daga ƙauye ta tafi da ita. Ba ta san ko akwai makaranta a can ba.

Na shiga na faɗa wa Gwaggo. Sai na ga fuskarta ta saki. "Alhamdulillahi, ta samu gida," in ji ta. Kafin la'asar ta aika da rigar wa jikar maƙwabciyarta, ta naɗe tabarmar ta jingine.

Na zauna a tsakar gida ina kallon yarinyar maƙwabta tana zagaya turmi, rigar tana share ƙasa. Na san murna ya kamata in yi, na neme ta a raina ban same ta ba. Gwaggo ta turo mini kwanon fura ta ce in sha, wai tekun nan ya ramar da ni.