Zanen Kaka da aka goge a Kafanchan

Mun tashi da asuba daga Gwantu, ni da ƙanwar babana, kyamara a jaka, zuciyata fal zumuɗi. Ban daɗe da fara koyon ɗaukar hoto ba, kuma wanda na fi alfahari da shi na Kaka ne. Ita da bakinta ta ce in ɗauke ta tun tana iya zama, don shi take so a buga a riguna da takardar sujada ranar jana'izarta. Kwanan nan jikin nata ya yi nauyi, shi ya sa na ce bari in kai wa wani gwani mai situdiyo a Kafanchan ya duba kafin a wanke.

Motar kuwa sai addu'a. Mu huɗu a baya, buhun citta a kan ƙafata, kuɗin mota ya hau amma ramukan hanya suna nan inda muka bar su bara. A Gidan Waya muka sayi masa da zafinta, wata Bafulatana ta dama mana fura mai kauri, nan dai aka ci riba.

Ogan situdiyon ya karɓe mu da fara'a, ya sa katin kyamarata a kwamfutarsa. Ya ce na bar haske a bayanta, na kuma yanke mata kunne. Gaskiya ne, na karɓa, ai abin da ya kawo ni ke nan. Sai ya ce in je in sha iska, zai ɗan taɓa min hoton.

Taɓawa! Na dawo na tarar da wata mata fara sol, fuska sumul kamar ƙwai. Babu tamoji, babu giɓi. Zanen da ke kumatun Kaka, wanda aka yi mata tun tana yarinya, ya share shi tas, wai tabo ne.

"Ƙanwata, yanzu haka kostoma suke so," in ji shi.

Na ce ya dawo min da na asali. Ya sosa ƙeya, ashe a kan na asalin ya adana gyararren, ya shafe shi. Wallahi nan na hau shi da faɗa. Na ce masa gyara na zo nema, ban zo a sake min kaka ba. Wa ya aike ka? Ƙanwar babana ce ta ja ni waje, ina ta faɗa har tasha.

Da yamma muka iso gida, na nuna wa Kaka a waya. Ta daɗe tana kallo.

"Kyakkyawa ce," ta ce. "Amma in kun binne ni da wannan fuskar, marigayi kakanki ba zai gane ni ba. Da zanen nan ya tsince ni a kasuwa."

Washegari muka tallafe ta zuwa bakin taga don in sake ɗaukar ta. Na sa haske a gabanta, na bar kunnen a ciki, kamar yadda Oga ya ce. Zaman bai yi tsawo ba ta gaji, amma na samu.

Abin da tafiyar ta koya min: ku kai aikinku a duba, amma ku bar na asali a gida, kuma kada ku je shan iska. Ni dai har yanzu ban huce ba. Zanen Kaka kuwa ya fito raɗau, ko wa ya gani zai gane ta.