Tsoho Mai Fotokopi da Takardar Bak ɗin Bahijja

A Dungas, idan ka ce Tsoho sai an tambaye ka wanne. Idan ka ce mai fotokopi, za a nuna maka rumfar kwano da ke kusa da tasha, inda ya shekara goma sha ɗaya yana kwafe wa mutane takardu, yana kuma rufe su da leda. Injin ledar bai wuce faɗin faifai ba. A sa takarda tsakanin leda biyu, zafi ya manne su, ta fito tana sheƙi, ko ruwan damina ba ya ratsa ta.

Yana da dalilinsa na son injin nan. Yana saurayi a Bande ya ci jarrabawar koleji, ya ajiye takardar cikin akwatin katako, ya tafi ci-rani. Kafin ya dawo gara ta cinye ta. A shekarar aka ɗauki malaman makaranta, ba shi a ciki, ya koma jan amalanke har gemunsa ya soma furfura. Tun da ya sayi injin, duk takardar da ta shigo gidansa sai ta sha leda. Matarsa Huraira kan ce ba don bakin injin ƙarami ne ba, da ita ma tuni tana ciki.

Bahijja, 'yarsu ta biyu, ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, a watan Yuli. Shari'a take son karantawa, a jami'a a Yamai. Ranar da ta kawo takardar shaidar cin jarrabawar, Tsoho bai bari ta kai azahar ba sai da ya rufe ta.

Aka ba da sanarwa cewa za a rufe karɓar takardu ranar Juma'ar ƙarshe ta Oktoba da tsakar rana, kuma wanda bai kai ba sai baɗi. Tsoho ya yanki kwali, ya rubuta kwanaki daga ƙarshe zuwa farko, ya kafa a bangon rumfa. Daga Damagaram zuwa Yamai yini guda ne cur a mota, don haka dole Bahijja ta hau motar asubahin Alhamis a Damagaram, ta kuma bar Dungas ranar Laraba kafin la'asar. Takardar zama 'yar ƙasa ta ɗan jinkirta, ya yi sawu biyu zuwa Magaria kafin ta fito. Abu ɗaya ya rage, wato a buga wa kwafin takardun hatimin da ke nuna daidai suke da na asali. Ya sa ranar Litinin don wannan, ya ce kwana biyu sun isa rara.

Jami'in da ke buga hatimin, Malam Nassirou, ya san Tsoho, don a rumfarsa yake kwafe nasa takardun. Ya buga na haihuwa, ya buga na zama 'yar ƙasa. Da ya zo kan ta bak sai ya juya ta gaba da baya, ya ajiye. Ya bayyana musu cewa irin wannan takarda tana da busasshen hatimi, wanda ba tawada a cikinsa, ɗan tudu ne kawai da yatsa ke ji. Ta nan ake raba ta gaske da ta jabu, kuma ta cikin leda ba ya jin komai.

"Malam Tsoho, ba ƙin ka na yi ba," in ji shi. "Abin da hannuna bai shaida ba, ba na sa masa hannu."

Bahijja ta tambaya ko akwai wata hanya. Ya ce akwai, a nemi sabuwar takarda daga inda aka ba da ta farko, amma wannan kan ɗauki makonni. Da yamma ta kira kawunta Saminu da ke Yamai, ya je ya tambaya, ya dawo da amsar da ta yi daidai da ta Nassirou.

Ranar Talata bai buɗe wa kowa rumfa ba. Ya ari dutsen gugar Huraira, ya sayo sabuwar reza, ya fito da takardun gidan da ya rufe a baya don gwaji. Ta farko katin rigakafi ne. Ya ɗumama, ya ja, ledar ta taso da rubutun baki ɗaya. Ta biyu ya ƙara zafi, ta ƙone ta yi ja. Huraira na bakin ƙofa tana kallo, ta ce idan ya gama da waɗannan ga takardar aurensu nan ita ma. Bai yi dariya ba, amma ya ɗauko ta. A kanta ne ya gane cewa ba sai ya taɓa fuskar takarda ba. Bayanta fari ne, ba rubutun da leda za ta kwashe, kuma hatimin da ya yi tudu a gaba dole ya yi rami a baya. Ya cire ledar bayan a hankali, ta fita, sai dai ta ɗebe fatar takardar a wuri biyu har ana ganin haske ta ciki.

Da safiyar Laraba ya shimfiɗa takardar bak a kan tebur, fuskarta a ƙasa. Ya gaya wa Bahijja cewa idan ta yage, ba ta da bana, kuma baɗi ma sai an sha wuya. Ya ce takardarta ce, ita za ta yanke.

"Baba, a cikin leda ma ba ni da bana," ta ce. "Ka cire."

Ya yanke gefen ledar da reza, ya ɗora ƙyalle, ya ɗan taɓa dutsen guga ya ɗauke. Bahijja ta danne takardar da tafin hannu, shi kuma yana ja kaɗan-kaɗan, kamar mai feɗe fatar da ba a son ta huje. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai ya kawar da kai gefe. Wajen kusurwar ƙasa takardar ta soma bin ledar. Ya tsaya, ya sake ɗumamawa, ya zagayo ta ɗaya ɓangaren. Aikin da bai fi taƙi ɗaya da rabi ba ya cinye fiye da awa guda. Kusurwar ta tafi, amma wurin hatimin ya tsira.

Ƙarfe goma sha ɗaya suna gaban Malam Nassirou. Ya shafa bayan takardar da ɗan yatsa, ya ce zafin inji ya danne hatimin tun farko. Ya tashi ya je bakin taga, ya karkata ta ga rana, ya sake shafawa idonsa a rufe. Tsoho na tsaye da hula a hannu. Can Nassirou ya ce yana jin rabin da'irar da wasu haruffa, kuma rabin nan ba abin da mai jabu zai iya ba ne. Ya koma kujera, ya buga hatimi a kan kwafi uku, ya sa hannu.

Kabu-kabu ya kai Bahijja tasha kafin azahar ta fita.

Ranar Juma'a Tsoho ya zauna a rumfa da wayar a kan gwiwa. Layi ya yi tsawo, in ji Saminu a waya da hantsi, kuma Bahijja na can tsakiya. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, da rabi ma ta wuce. Mutane suka fara bi ta gaban rumfar da dardumar salla a kafaɗa, suna tambayarsa ko yau ba zai je masallaci ba. Saura minti goma sha biyu tsakar rana wayar ta yi ƙara.

"Baba, an karɓa."

Ya tambaye ta ko sun duba komai, ta ce sun duba, sun rubuta sunanta, sun ba ta lamba. Ya ce to, ta nemi abinci ta ci. Sannan ya ɗauki buta ya fita bayan rumfa yin alwala.