Rumfar Paulina a Bayan Asibiti

Ranar da Paulina ta fara hawa keke zuwa aiki a idona aka yi komai, don a ƙofar asibiti nake suyar ƙosai. Shekarar 1956 ce. Ta ɗaure tulun kunun gyaɗa a bayan keken da igiyar rama, ta sha farar riga mai guga, ta taho tana ɗaga wa mutane hannu. Abu ɗaya mijinta Obadiya ya manta bai koya mata ba, wato birki. Ta wuce ni, ta wuce mai gadi, ba ta tsaya ba sai a ƙafafun Baturiyar da ke shugabantar nas-nas. Tulu ya fashe. Kunu ya wanke Paulina daga wuya har gwiwa, ragowar ta cika takalmin Baturiya. Na yi dariya har ƙosaina ya ƙone. Tun ranar nake kiranta Direba, kuma ta amsa sunan har ta bar duniya.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a unguwar Ɗan Iya. Daga wajen Bogoro suka zo, shi kafinta, ita akawu a ofishin asibiti, don ta yi makarantar mishan. Kunun nan kuwa ba nata ba ne, na masu jinya ne. A lokacin an hana hura wuta a harabar asibiti. Mutum zai kawo mara lafiyarsa daga ƙauye a kan jaki, a karɓi mara lafiyar, shi kuma a bar shi a bakin shinge, ko ana ruwan sama. Can ciki kuma a ajiye wa majinyaci abincin da bai san hannun da ya dafa ba. Bafulatani ga kunya, ba zai buɗe baki ya ci a gaban mutum ashirin ba. Sai ya kwana uku da yunwa, a na huɗu 'yan'uwansa su sace shi su koma gida da ciwonsa.

Paulina ta gaji da rubuta "ya gudu" a takarda. Wata Asabar ta sa Obadiya ya kafa rumfa a bayan ɗakin mata, ta kewaye da zana, ta jera murhu tara. Ta sa aka rataya labule a tsakanin gadaje, don mai kunya ya ci tuwonsa ba ido a kansa. Na leƙa ta katanga na ce, "Direba, wannan karon ba tulu za ki fasa ba, aikinki za ki fasa."

Ta ce, "Sauda, in an kore ni zan zauna kusa da ke in soya ƙosai, mu ga wadda za a fi saye a wurinta."

Baturiya ta ga hayaƙi ta yi faɗa, amma da ta lura gudu ya ragu sai ta daina bi ta bayan ɗakin mata. A rumfar nan za ka ga matar liman da matar fasto suna aron muciya. Wanda ya zo hannu wofi, dawar gidan Paulina ce tasa. Obadiya ya taɓa ce mini rumbunsu ƙofa biyu gare shi, ɗaya tasa, ɗaya ta asibiti.

Jikokinta goma sha tara, waɗanda suka cika gidan da kuka bara da muka yi jana'izarta, sun san ta riƙe ofishin asibitin nan shekara ashirin da biyu, kuma har ta yi ritaya wuta ba ta mutu a rumfa ba. Abin da ba su sani ba shi ne saura kaɗan duka biyun su kuɓuce mata rana ɗaya.

Bayan an sami 'yanci, Baturen da ke riƙe da ofis ya ɗaure kayansa. Aka ce Paulina ce ta cancanta, amma dole sai wani babba daga Kaduna ya zo ya duba ya sa hannu tukuna. Malam Hammadu sunansa, ɗan ƙasa kamarmu, sai dai kwat ɗinsa ta fi ta Turawan kauri. Ya zaga da safe yana shafa yatsa a taga. Da ya isa rumfa ya toshe hanci da hankici.

Da azahar Paulina ta aiko a kira ni, wai in taya ta kai wa baƙo abinci ofis. Kukun asibiti ya dafa masa shinkafa da naman gwangwani, amma ta ce in haɗa da wata langa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, an zuba man shanu. Wata tsohuwa Bintu ce ta tuƙa a rumfa, wadda ke jinyar 'yarta. Malam Hammadu ya ɗanɗana shinkafa da cokali, ya ture. Ya buɗe langa, sai ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Na tsaya da buta a bakin ƙofa ina kallon malmala ta biyu tana bin ta farko.

Yana tsakiyar ci ya ce, "Malama Paulina, takardunki ba laifi. Amma ƙasa ta sami 'yanci, dole asibiti ya zama asibiti. Wancan ƙazamin wuri na baya a rushe shi kafin Juma'a. In ba haka ba, ba zan sa hannu ba."

Na dubi Paulina. Na san 'ya'yanta biyar ne, na kuma san tana son kujerar nan. Ita ko gezau. Ta dubi yatsunsa, ta ce, "To, ranka ya daɗe, za a rushe. Sai dai a jira ka gama, don in ka nemi ƙari, can za a koma a ɗebo maka."